Zancen Gida: Yaron da aka yaye, a hannun wa yake?

Zancen wannan wata na yaye ne.

Kowa ya san yadda ranar yaye take a ƙauye. Da sassafe a wanke wa yaro rubutun malam ya sha, don ya manta da nono. Wata uwa ta shafa wa nononta abu mai ɗaci. Kafin rana ta yi zafi, wata tsohuwa ta goya yaron ta kama hanya da shi. Wani lokaci bayan gida kawai za ta zagaya, wani lokaci kuma sai wani gari mai nisan yini guda. Uwa ta shiga ɗaki ta yi shiru, don kunya ba ta barin ta yi kuka a gaban mutane. Daga wannan rana abincin yaro, da barcinsa, da wanda zai ji kukansa da dare, duka sun koma hannun wani. Wane ne wannan wanin, kuma me yake da shi a hannu? A nan ne lafiyar yara da yawa take tsayawa ko ta karye.

Manya ba su manta da shekarar 2005 ba. Daminar 2004 ta yanke da wuri, fara kuma ta sauka a wasu wurare. Hatsi ya yi tsadar da ba a saba gani ba. A wannan shekara ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jahar Maraɗi. Abin ya ba mutane mamaki, don Maraɗi ƙasar noma ce, kuma a lokacin akwai hatsi a kasuwanninta ga mai kuɗin saye. Waɗanda suka cika gidajen jinya kuwa ƙananan yara ne, daga ɗan wata 6 zuwa ɗan shekara 2 ko 3. Akan ga gida guda, tukunya guda, yaro ɗaya yana gudu a tsakar gida, ɗan'uwansa yana kwance sai fata da ƙashi. Talauci da tsadar hatsi su ne tushen wahalar, wannan babu gardama. Amma ba su kaɗai suka ware wancan yaro daga wannan ba. Zaman gidan ma ya sa hannu.

Kuma abin bai wuce tare da waccan shekara ba. Awon yara da aka yi a ƙasa baki ɗaya a 2022 ya nuna kusan rabin yaran da ba su kai shekara 5 ba sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Tsumburewa ba a dare ɗaya take zuwa ba. Tana ginuwa a hankali, tun yaro yana ciki har ya cika shekara 2. Wannan tsakani likitoci suke kira kwana 1000 na farko. A cikinsu ne jiki da ƙwaƙwalwa suke girma da sauri fiye da kowane lokaci, kuma abin da aka rasa a nan da wuya ya dawo duka. Yaye yana faɗowa a tsakiyar waɗannan kwanaki.

Addini ya ba shayarwa shekara 2 cikakku ga wanda yake son cikawa. Likitoci ma haka suka ce: nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a haɗa ba, daga nan nono da abinci har shekara 2. Ko a shekara ta biyu, nono yana ba yaro wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da jikinsa yake bukata, yana kuma tsare shi daga zawo. To, me ke sa a yanke shi tun yaro yana ɗan wata 12 ko 14? Sau da yawa kwanika ce, wadda wasu ke kira rurrutsa. Mace ta ga ta samu sabon ciki alhali tana goyo. Tsofaffi suka ce nonon mai ciki ya ɓaci, in yaro ya sha zai yi ta zawo. Ga kuma gorin kishiya da dariyar mata a bakin rijiya. Sai a yaye yaron a rana ɗaya, ba shiri, tun bai saba da kunu ba.

Nonon mai ciki ba dafi ba ne. Yakan ragu, ɗanɗanonsa yakan sāke, amma ba ya cutar da yaro. Mace mai lafiya tana iya ci gaba da shayarwa tana rage wa yaro kaɗan-kaɗan cikin watanni, muddin ita ma an ƙara mata abinci. Wadda take zubar jini, ko wadda ta taɓa haihuwar bakwaini, ita ce za ta fara tambayar ungozomar likita. Zawon da ake gani bayan kwanika, wanda ake ɗora wa nono, yawancinsa daga sabon abincin yake, da ruwan da ba shi da tsabta, da hurar da ta wuni a ƙwarya ƙuda yana bi.

Wannan ciwo ba a ƙasar Hausa kaɗai aka san shi ba. A ƙasar Gana, wata likita mai suna Cicely Williams ta ga yara masu kumburin ƙafa da jan gashi a Ankara. A 1935 ta rubuta sunan da mutanen Ga suke kiran ciwon da shi: kwashiyoko. Ma'anar kalmar a harshensu ita ce ciwon da ke kama yaro in an yi masa ƙane. Tun kafin likitoci su auna komai, tsofaffin can sun lura cewa ciwon yana bin sauyin matsayin yaro a cikin gida. Da wannan suna duniya take kiransa har yau.

Yanzu sai zancen kaka, don ita ce ke karɓar yaron.

Babu mai musun alherin kaka. Uwa tana jin kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban surukai, wata ko kallonsa ba ta yi in da mutane. Uba ma haka. Wannan giɓi kaka ce take cike shi. Ita ce mai kiran jikanta namiji "mai gidana", ta kira jikanya "kishiyata". Ita ce mai tsokana, mai tatsuniya da dare, mai haƙurin amsa tambaya goma a jere. Yaron da ake yi wa magana, ake amsa gwarancinsa, ake nuna masa akuya a ce masa akuya, bakinsa yakan buɗe da wuri, hankalinsa ya yi kaifi. Likitocin yara sun tabbatar da haka: hira da wasa abinci ne na ƙwaƙwalwa. Uwar da ta tashi tun asuba, ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta tafi itace, ta kai hura gona, ba ta da lokacin wannan hira. Gidan da yake da kaka mai ƙarfi a kusa ya yi sa'a.

Sai dai ana aika yaro wurin kaka ba a tambayi halin da take ciki ba. A ɗauki misalin wani gida, irin wanda kowa ya sani. Amarya ta yi kwanika, ɗanta yana da wata 15. Mai gida ya ce a kai shi wurin mahaifiyar amaryar, a wani ƙauye. Tsohuwar ta haura shekara 60, mijinta ya rasu, idonta ya fara rauni. Ɗan abin da ta noma ya ƙare tun kafin bazara. Ita kanta sau biyu take ci: hura da rana, tuwo da dare in an samu. Ta karɓi jikanta da murna, ta shimfiɗa masa tabarma kusa da ita. Abin da take ci, shi take ba shi. A ganinta ta yi adalci, kuma ta yi iyakar ƙoƙarinta.

Amma cikin ɗan wata 15 ƙarami ne, ludayi ɗaya ko biyu ya cika shi. In aka cika shi da farau-farau, ya ƙoshi da ruwa. Yaro irin wannan, da ba ya shan nono, yana bukatar ci sau 4 ko 5 a yini, abinci mai kauri, mai maiƙo. Ga shi kuma yana cikin baƙin ciki. Ya rasa nono, ya rasa bayan uwarsa, ya rasa ƙamshin ɗakin da ya sani, duka a rana guda. Kwana uku yana kuka, daga nan ya yi shiru. Mutane suka ce ya haƙura. Yaron da ya daina kuka, ya daina wasa, ya zauna wuri ɗaya yana kallon ƙasa, ba haƙuri ya yi ba. In an miƙa masa kunu sai ya kau da kai. Tsohuwa ta ce:

"Mai gidana ya yi fushi da ni. A bar shi, in ya ji yunwa zai ci."

Babba in ya ji yunwa yakan nemi abinci. Ƙaramin yaro in tamowa ta fara shigarsa, son abincin ne yake fara mutuwa. Bayan wata biyu ƙanen amaryar ya biyo ta garin, ya ga yaron, ya koma ya gaya wa mai gida:

"Yaya, yaron nan fa ya sāke. Gara a je a dubo shi."

Mai gida ya ce: "Ai yana hannun Inna. In na aika, sai ta ce na raina riƙonta."

Ga inda kunya take zama haɗari. Suruki ba ya iya tambayar surukarsa me yaro ya ci. Uwa ba ta iya cewa a dawo mata da ɗanta, kada a ce ba ta da kunya. Kaka ba ta iya aikawa ta ce rumbuna ya ƙare, kada a ce tana roƙon surukinta. Kowa yana girmama kowa, yaro yana ramewa a tsakaninsu. Alhali maganin ba mai tsada ba ne. Da ranar da aka kai yaron an haɗa shi da tiya goma ta hatsi, da tiya biyu ta wake, da ƙuli-ƙuli, aka kuma riƙa sabuntawa ranar kasuwa, da babu wanda mutuncinsa ya zube. Wanda ya fi wannan ma, akuya mai nono. Kuma da an fara kai yaron wurin kakar yana wuni yana dawowa, tun kafin yaye, da bai ga baƙuwar fuska ba ranar da aka raba shi da nono.

Yaron da ya zauna gidan ubansa ma yana da nasa gwajin, wato kwano ɗaya. Al'ada ce mai kyau yara su ci tare. Tana koya musu zumunci da sanin babba. Amma a zauna a kalli kwanon da yara biyar suka kewaye. Ɗan shekara 9 ya kai loma uku kafin ɗan shekara 2 ya gama hura wa tasa iska. Miya ta ƙare a sama, ƙaramin ya samu gayan tuwo. Wanda ya zuba abincin ya ga kwano ya koma wanke, ya ce yara sun ci. Ɗan yaye yana bukatar ɗan kwanonsa shi kaɗai, da babba zaune kusa yana lallashi, har a ga abin da ya shiga cikinsa.

Da yawa kuma babban da ke zaune kusa ɗin yarinya ce ƴar shekara 7. Ita ce mai goyo in uwa ta tafi gona. Tana son ƙanenta, tana yawo da shi ko'ina, daga wurinta yake koyon tafiya da waƙa da sunayen yaran unguwa. Amma ba ta san zazzaɓi ba, ba ta san a wanke hannu kafin a ba shi abinci ba, kuma in yunwa ta kama ta, kunun da aka bar masa tare za su sha. Ita ma ana cin bashinta, don goyon nan ne yake hana ta zuwa lakwal.

Sai maganar rumbu. A gidan gandu na da, mai gida da ƙannensa da ƴaƴansa suna noma babbar gona tare, a ci daga rumbu guda. Kowace mace kuma tana da gamanarta, wadda take nomawa a ranakun da aka bar mata. A ƙauyuka da yawa na Maraɗi, in an gama girbi mai gida yakan rufe rumbun gandu sai damina, don a samu abin ci lokacin noma. Ya ɗauki jakarsa ya tafi cin rani Najeriya, ko Agadas, ko Libiya. Watannin rani, kowace mace da ƴaƴanta suna rayuwa da abin gamanarta da ƴar sana'arta. Tun da haka ne, yaran gida ɗaya ba arziki ɗaya suke ci ba. Uwargida tana da gamana, tana da awaki, tana da manyan ƴaƴa masu taimako, ta san kowa a gari. Amarya ƴar shekara 16 ta zo daga wani gari, ba gona, ba jari, ba ƴar'uwa kusa. Wani gidan kuma akasin haka ne: amarya ce ƴar gaban goshi, uwargida da ƴaƴanta bakwai an juya musu baya. A kudancin Maraɗi, wajen Madarunfa, mutane sun yi yawa, gonaki sun tsuke, har matan aure da yawa ba a ba su gamana ko kaɗan. Inda aka karɓe gamana aka kuma rufe rumbu, da me za a dama wa ɗan yaye kunu?

Ƙidayar lafiya ta 2012 ta nuna mace a Nijar takan haifi ƴaƴa sama da 7 a rayuwarta, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku na matan aure suna zaune da kishiya. Ke nan zancen kishiya zancen gidaje masu yawa ne. Inda kishiyoyi suke shiri, yaro yana da uwa biyu ko uku. Wadda take da girki ta tuna da ɗan yayen abokiyar zamanta, ta ɗebe masa tun kafin a raba. In uwarsa ta kwanta haihuwa, akwai bayan da zai hau. Inda ake gaba kuwa, uwa takan hana ɗanta cin abin hannun kishiya don tsoron sammu, yaro ya kwana da yunwa tuwo yana ɗakin da ke kallon nasu. Mafi yawan wannan gaba daga rabon mai gida take tasowa. In ya auna hatsi daidai da yawan bakunan kowane ɗaki, rabin faɗan ya mutu.

Mutuwar aure ma tana taɓa ɗan yaye fiye da kowa. A wurare da yawa uba yakan karɓi ɗansa da zarar an yaye shi, wasu su bari sai ya kai shekara 7. Akwai matan uba masu tsoron Allah da suka riƙe ɗan wata kamar nasu, kowane gari ya san irinsu. Amma matar da take da nata jariri a baya, da wani a hannu, ko tana da kirki hannunta biyu ne. Uban da ya ƙwace ɗan shekara 2 don ya huce haushin uwarsa, ya kuma tafi cin rani, yaron ne ya biya haushin.

A ruga, lissafin ya ɗan bambanta. Nonon shanu a hannun mace yake, kuma yaron makiyayi da yake kusa da garke yakan sha madara, abin da ɗan manomi bai cika samu ba. Wahalarsa tana zuwa da rani, in shanu sun yi nisa neman ciyawa an bar tsofaffi da ƙanana da saniya ɗaya ko biyu, ko in tsadar hatsi ta sa aka kai duka nonon kasuwa. Kafin a ɗora ƙwarya a ka, a fara cika ƴar ƙwaryar ɗan yaye.

Abin da za a ƙara wa kunu duka yana cikin gari: garin ƙuli-ƙuli ko dakakkiyar gujiya, garin wake da aka soya, madarar akuya da aka tafasa, ɗan mai, garin zogale ko kuka. Ranar kasuwa, ƴar hanta. Ƙwai ma, ko da yake wasu tsofaffi suna cewa yaron da ya ci ƙwai zai yi sata. Ƙwai bai taɓa mai da kowa ɓarawo ba, kuma zabi da kajin gidan ne suke yinsa. Kunun ya yi kaurin da ba zai zube da sauri daga ludayi ba.

An daɗe ana yi wa uwaye mata wannan bayani a wurin awon yara. Su saurara, su koma gida, inda hatsi yake hannun miji, hukuncin yaye kuma yake hannun tsohuwa. Shi ya sa tsakanin 2007 da 2008 aka buɗe makarantun mazaje na farko a jahar Damagaram, da taimakon hukumar UNFPA. Magidanta ne suke zama su tattauna awon ciki, da haihuwa a likita, da tazarar haihuwa, su kuma ja hankalin ƴan'uwansu. Daga baya abin ya bazu zuwa wasu jahohi. Tun 2006 kuma gwamnati ta yanke cewa a duba yaran da ba su kai shekara 5 ba kyauta a likitocinta. Wani lokaci akan tarar magani ya yanke, amma wannan ba dalili ba ne na ƙin zuwa.

A ƙasar Mirriya, cikin shekarun da suka biyo bayan 2010, ƙungiyar BEFEN ta Nijar da ƙungiyar ALIMA sun koya wa uwaye auna damtsen ƴaƴansu da wani ɗan zare mai launi uku. An gwada, aka ga awon uwaye bai kasa na ma'aikatan lafiya na ƙauye ba, ko da ba su yi karatu ba. Yanzu ana raba wannan zare a wurare da yawa. Abin da ya rage shi ne zaren ya bi yaro duk inda aka kai shi. In yana wurin kaka, kaka ce za a koya wa. In yana hannun matar uba, ita ce.

Awon ba shi da wuya. Ana yinsa ga yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. A naɗa zaren a tsakiyar damtsen hagu, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, ba a matse ba, ba a sake ba. Kore, lafiya. Rawaya, a kai shi awo cikin makon nan, a kuma ƙara masa ci. Ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, a kai shi likita a ranar. Sannan a danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa, a ƙirga uku, a ɗaga. In ramin yatsa ya zauna a ƙafa biyun, kumburin tamowa ne ko da yaron yana da kumatu, shi ma ba a kwana da shi a gida. Abincin gujiya na cikin leda da likita zai bayar, wanda ake kira Plumpy'Nut, magani ne na wannan yaro shi kaɗai. Ba a raba shi da yayyensa, ba a kai shi kasuwa.